Kadan Nan Bai San Gidanmu Ba

Kawu Ɗanjuma,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina ƙara gaisuwa. Ya ƙarfin jiki, ya gwiwar nan taku? Ya Inna da yara, ya ruwa, ya kifi? Ni lafiya lau, karatu na tafiya daidai a nan ƙasar waje.

Ranar Asabar maƙwabcina a unguwar Taman Melati, wani dattijo ɗan ƙasar nan, Pak Cik Rosli, ya ɗauke ni kamun kifi a wani kogi bayan gari. Da La'asar ta yi na sauka bakin ruwa zan yi alwala. Na tsuguna na daki ruwan da tafin hannu kamar yadda kuka koya mana, domin kadoji su san ɗan gida ne su kauce.

Kawu, ashe kiransa na yi! Sai ga abu kamar gungume ya nufo ni, idanu biyu a saman ruwa. Dattijon ya fizgo wuyan rigata yana ihu, "Buaya! Buaya!", wato kada. Takalmina ɗaya yana can har yanzu.

Da muka nutsu na ce masa ai gaisuwar gado ce ta gidanmu. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce kadan nan in ya ji motsin ruwa, abinci kawai ya sani.

Hankalinku ya kwanta. Ni jinin masunta ne, kada bai isa ya raba ni da kogi ba. Asabar mai zuwa zan koma, amma da buta.

A sa ni a addu'a, a gaida kowa da kowa. Inna dai kar ta ji wannan.

Ɗanku,
Bashir