Yatsun Baba da Na'urar Rajista

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Ya jikin ƙaramar?

Jiya na bar aikin gyaran rubutu a ofis, na raka Baba rajistar zaɓe. Shi ya nema da kansa. Ya ce shekara arba'in yana gina azuzuwan da ake jefa ƙuri'a a cikinsu, bai taɓa shiga ya jefa tasa ba.

Mun yi awa uku a layi. Da aka zo kanmu, na'urar ta ƙi karɓar yatsunsa, goman duka. Siminti ya cinye zanen, sun yi sumul kamar bayan cokali. Baba ya yi dariya, ya ce ashe ko na'ura ta raina magini, amma na ga yadda ya cusa hannayensa a aljihu.

Ma'aikaciyar ta ce ya huta da siminti, ya riƙa shafa mai, ya dawo kafin a rufe nan da kwana goma. Ka san Baba: yana da katangar da ya yi alkawarin gamawa, kuma ba ya saɓa alkawari. Ni ba ya jin maganata. Ko za ka gwada?

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah Ya saka maka da alheri, Ya raya maka zuri'a.

Ban san me ka faɗa wa Dogo, abokin aikin Baba, ba. Washegari ya zo da magina biyu suka karɓi katangar. Suka ajiye wa Baba kujera a inuwa. Kwana tara yana zaune, hannu sharkaf da mai kamar amarya, yana yi musu faɗa wai layinsu ya karkace.

Ranar ƙarshe muka koma. Yatsu takwas suka sake ƙi. Ma'aikaciyar, Allah Ya yi mata albarka, ba ta gaji ba: ta goge gilashin na'urar, ta kama hannunsa da nata ta danna a hankali. Ƙananan yatsun biyu suka fito. Ta ce sun isa.

Yau Baba ya koma aiki. Da safe ya aike ni in sayo masa safar hannu, wai kada siminti ya taɓa masa yatsun nan biyu kafin ranar zaɓe.

Ka gaida mutan gidan.

Ƙanwarka mai godiya,
Auta