Layar Dada a Hoton Ƙirji

Litinin, 1 ga Satumba, 2025

An turo mu koyon aiki asibiti a Dutsin-Ma. Shekara ta huɗu ina karatun ɗaukar hoton ƙashi a jami'a, amma a garinmu Birchi har yanzu wasu sun ɗauka hoton biki nake koyo. Likita na so zama, maki bai kai ba. Abin yana ci mini rai har gobe.

Laraba, 3 ga Satumba

"Cire ɗan kunne. Cire sarƙa. Ja numfashi, riƙe." Wuni guda ke nan. Malam Badaruddeen, wanda ke kula da mu, ya ce ina yi wa marasa lafiya tsawa. Wani tsoho ya ƙi cire gurunsa, na ce ya koma layi. To me zan yi?

Asabar, 6 ga Satumba

Na je gida. Dada, kakata, tana tari tun farkon damina, ta rame sosai. Wai ƙaiƙayin gero ne. Geron da ba a ma yanka ba. Na ce sai ta zo asibiti. Ta ce, "Mai hoto ta yi magana."

Na kasa zama wuri ɗaya.

Talata, 9 ga Satumba

Kawu Mamuda ya kawo ta a babur, likita ya ce a yi hoton ƙirji. Ni na tsayar da ita. Ni da nake tsare kowa, na ji nauyin ce wa Dada ta cire komai, rigar asibiti kawai na miƙa mata.

Hoto ya fito da wani dunƙule a huhun dama. Malam ya duba, ya ce, "Hafiza, kin tambaye ta laya?" Ashe akwai, ta fata, a rataye cikin riga. Har dariya na yi don daɗi, na ce ita ce.

Dada ta ce ba ta taɓa cire ta ba tun rasuwar Baffa, mijinta. Na durƙusa na roƙe ta. Ta ce, "To ki riƙe ta a hannunki, kada ki aje ƙasa."

Aka sake ɗauka, layar tana hannuna. Dunƙulen yana nan inda yake.

Laraba, 10 ga Satumba

Mu ɗauka ne namu, faɗin sakamako na likita ne. Na sha rubuta haka a jarrabawa. Kawu sai bi na yake: "Ke da kika gani, mi kika gani?" Na ce likita zai yi bayani. Ya yi. An tura ta Katsina.

Tsoro nake ji.

Lahadi, 14 ga Satumba

Gobe za su tafi. Na yi wa Dada kitso, na gyara igiyar layar da ta fara tsinkewa. Ranar Juma'a tsohon nan mai guru ya dawo, na riƙe masa shi har aka gama. Ba don komai ba, layi ne ya yi tsawo.

Dada ta ce a Katsina ma ni take so in ɗauke ta, ba ta yarda da hannun kowa ba. Na ce can akwai manya. Ta ce ita mai hotonta ta sani.

Da zan fita ta riƙo zanena. "Wai na yi kyau a hoton?"

Na ce ta yi kyau.