Zazzaɓin Manaja

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki? Ina fata kin daina hawa benen nan da bokiti a hannu. Tunda kunnenki ba ya ɗaukar magana a waya, na ga gara in rubuto, don zancen ya fi ƙarfin "iye? me kika ce?"

Gidan raino yana nan, mun gode Allah. Yara ba su taɓa gajiyar da ni ba, Yaya, iyayensu ne ke neman ƙarasa ni. Akwai uban da kullum sai mun share ɗaki mun naɗe katifu zai iso, ya ce cunkoson motoci ne, alhali ƙamshin shagon aski yake yi. Akwai wadda ta tsaya a kaina tana zuba ruwan masifa saboda safa ƙafa ɗaya. Washegari ta gan ta a cikin jakarta, ko sannu ba ta ce mini ba. Duk wannan na saba, shanyewa nake yi.

Wanda na kasa shanyewa na gida ne. Ɗiyarki nake nufi, uwar Manaja. Jikan naki yana nan yadda kika san shi, hannu a ƙugu yana raba wa yara umarni. Amma kin san dokata guda ce wadda ba na ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: yaro mai zazzaɓi ya yini a gida. To ita ta gano dabara. In ya tashi da zafin jiki, sai ta ɗura masa maganin zazzaɓi na ruwa tun kafin su fito. Ya iso mini jiki sanyi ƙalau, in taɓa goshi in ce ya shiga. Sai an ci abincin rana magani ya sake shi, ki gan shi ya lafe a jikin bango ido jajir. In na kira ta ba ta ɗagawa sai an tashi daga bankin da take aiki. Da na tambaye shi, cewa ya yi, "Mama ta ba ni mai zaƙi, ta ce kar in faɗa wa Inna."

Abin da ke tayar mini da hankali wata yarinya ce da muke kira Shiru-shiru, 'yar telan da ke bakin titinmu. Tana da sikila, uwarta kuma ta rasu tun tana goye. Ranar da uban ya fara kawo ta ko zama bai yi ba. Ya ce, "Malama, murar da ɗan wani zai yi ta guje-guje da ita, tawa gadon asibiti take kai ta. In ba za ki iya tsare mini ita ba, faɗa mini tun yanzu, ba zan ji haushi ba." Na ce masa zan iya. Ga shi kuma duk ɗakin nan babu wanda Manaja ya ɗauka nasa kamar ita. Kofi ɗaya suke sha in ban sa ido ba, barcin rana ma sai ya jawo katifarsa kusa da tata.

Na yi wa uwarsa magana, dariya ta yi ta ce na cika tsoro. Ke za ta ji taki. Don Allah ki ja mata kunne.

Ki gaida mutanen gidan.
Ƙanwarki,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, bene kuwa ba zai hau kansa ba.

Na karanta takardarki sai da na canza tabarau don tsawonta. Ke tun kina ƙarama haka kike, a ba ki ajiyar allura ki hana kowa barci. Wane yaro ne ba ya zazzaɓi? Mu da muka yi renon namu, da zafin jiki muke goya su mu yi aikin gabanmu, ga su nan sun zama mutane.

Ki duba halin da yarinyar nan take ciki. Miji yana can wani gari wurin aiki, sai ƙarshen wata ake ganin ƙeyarsa. Shugabanta kuma mutum ne da ko atishawa ka yi sai ya tambaye ka wa ya ba ka izini. In ba ta kawo miki shi ba, wa za ta kai wa? Ke ce uwarta a garin nan. Iyayen da ba ki haɗa komai da su ba kina haƙuri da su, sai taki ce za ki kafa wa doka?

Zan yi mata magana tunda kin nace, amma ke ma ki sassauta. In ya zo da zazzaɓi ki kwantar da shi a ɗan ɗakin nan naki na ajiye kaya, ki jawo ƙofa, shi ke nan. 'Yar tela kuma Allah Ya ba ta lafiya, Shi ke tsarewa ba ke ba.

Ki shafa mini kan Manaja.
Yayarki

Yaya,

Sallama da gaisuwa. 

Shiru-shiru tana asibiti, an sa mata robar iska a hanci.

Makon da ya wuce ɗiyarki ta kawo Manaja da sassafe. Ko sauka daga babur ba ta yi ba, ta miƙo shi ta miƙo jaka. Ina ɗaukarsa na ji ƙamshin maganin a bakinsa, ga ɗigonsa ja a wuyan riga. Na ɗaga kai in yi magana, har sun sha kwana. Na kira, ta kashe wayar.

Sai na yi yadda kika ce. Na shimfiɗa masa katifa a ɗakin kaya tsakanin kwalayen famfas na jarirai, na jawo ƙofa. Rana tana yi, tari ya taso masa, jiki ya ɗau zafi rau. Lokacin barci wani jariri ya ɓata jikinsa, na shiga banɗaki wanke shi. Da na fito ɗakin kaya babu kowa. Na same shi ya lallaɓa ya kwanta a katifar Shiru-shiru, ya ɗora mata hannu a wuya, yana tari a fuskarta, ita kuma tana barcinta. Ban san lokacin da na fizge shi ba. Har yanzu ina jin kukan da ya yi, don bai san laifin da ya yi ba, kuma ba shi da laifin.

Bayan 'yan kwanaki ta fara. Shi ga shi can ya warware yana tsalle a kan kujerun uwarsa. Ita abin ya sauka mata a ƙirji. Jiya na je duba ta. Ta ƙanƙance a kan gadon, idonta biyu amma ba ta da ƙarfin kuka. Ubanta ya rufe shago, yana zaune a gefe da zare maƙale a rigarsa. Yana ganina ya miƙe ya ba ni kujerarsa. Ya ce, "Malama, na rasa inda ta kwaso wannan. Ko fanka ce na bar mata? Ko wankan da na yi mata da yamma?" Yana ta lissafa laifin kansa, ni kuwa ina zaune a kujerarsa da amsar a bakina.

Na kasa faɗa a gaban yarinyar. Amma zan faɗa masa, Yaya. Zan gaya masa wanda ya zo da ciwon, da wadda ta ɓoye, da wadda ta karɓa ta sa a ɗakin kaya. Na sanar da ɗiyarki haka, na kuma daina ɗaga wayarta.

Ki sa yarinyar nan a addu'a.
Auta

Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa. Tunda kin ƙi ɗaga wayata, kin kuma ce wa mai gadi kada ya buɗe mini, na ba shi wannan ya miƙa miki.

Na yi laifi, ban musa ba. Amma Inna, ba ki taɓa tambayata yadda safiyata take ba. Ranar nan da takardar gargaɗi a jakata na fito. An ce in na ƙara fashi ko na makara, in ajiye musu makullin durowa in kama gabana. Na taɓa jikinsa na ji zafi, na zauna a bakin gado na yi kuka, sannan na ɗauko kwalbar. Ba ni kaɗai ke yi ba. Rabin matan da ke gaishe ki da fara'a a bakin ƙofar nan haka suke yi, a wurinsu ma na koya. Wallahi ban kawo yarinyar nan a raina ba. Da na tuna da ita, ban san abin da zan yi ba, amma ban tuna ba.

Tun da na ji ba na iya cin abinci. Manaja kullum sai ya tambaye ni yaushe zai koma wurin Shiru-shiru, in rasa inda zan sa fuskata.

Inna, na roƙe ki kada ki faɗa wa tela. Iyayen nan duk sun san juna, kafin yamma magana ta zaga. Za ta kai wurin aikina, za ta kai kunnen dangin mijina, waɗanda dama neman dalili suke su ce in bar aiki. Yaron kuma da shi za a riƙa nuna shi. Faɗar ba za ta cire mata robar nan daga hanci ba. Ki hukunta ni yadda kika ga dama a cikin gida, zan ɗauka.

Ki yafe mini.
'Yarki

Auta,

Assalamu alaikum. Yau ba tsiya zan yi miki ba.

Shawarar ɗakin kaya tawa ce, na sani, kuma tana cina. Amma ki saurare ni. Ke likita ce da za ki rantse daga wurin Manaja ta ɗauka? Mura ta cika gari, mutane suna shiga shagon ubanta suna fita da tarinsu. In kin faɗa masa, me kika ba shi? Yanzu ciwo ɗaya yake ji, za ki ƙara masa da ƙiyayya, ki kuma rushe gidan 'yarki da hannunki.

Ban taɓa durƙusa miki ba tun da aka haife ki, ni na goya ki. Yau na durƙusa. Ki rufa mana asiri, ko don darajar iyayenmu da ke ƙasa. Ki bari yarinyar ta warke tukuna, in ya so mu zauna mu uku mu san abin yi.

Ina jiran amsarki, ina kuma yi mata addu'a.
Yayarki

Yaya,

Assalamu alaikum.

Shiru-shiru ta rasu ranar Laraba da hantsi. Allah Ya sa mai ceto ce.

Yau ubanta ya zo karɓar kayanta, lokacin yara suna barci. Na haɗa masa kofinta da tawul da takalman da ta bari. Na riga na shirya maganata, na ce masa ya zauna akwai abin da zan faɗa. Bai bar ni na fara ba. Ya ce, "Malama, kada ki ce komai. Ni ne zan yi godiya. Duk inda na kai ta tsoronta suke ji, ke kaɗai kika karɓe ta, kika tsare mini ita iya ƙarfinki. Sakacin daga wurina ne." Sannan ya tambayi Manaja. Ya ce in gaishe masa da abokin 'yarsa, don a asibiti sunansa take ta kira.

Na miƙa masa kayan, Yaya. Na raka shi har bakin titi yana sa mini albarka.

Ki gaya wa ɗiyarki asirinta a rufe yake, yadda kuka roƙa. Mutumin nan ya tafi gida da laifinmu a kansa, yana zaton nasa ne. Kada ta kawo mini yaron ranar Litinin. Ke ma kada ki rubuto tukuna.

Auta