Na Yi Wa Lemonka Aski

Zuwa ga Malam, Baban Yagana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san babu mai kai maka takardar nan, kai kuma ba za ka taɓa karanta ta ba. Amma magana ta cika mini ciki, kuma kai kaɗai ne za ka gane ta, shi ya sa na zauna da ɗan bokon da na koya ina ta karce-karce.

Gida lafiya lau. Yagana ta yaye mai sunanka, yaron ya fara gudu, kuma bakinsa irin naka ne, ba ya shiru. Jirgin ƙasan nan da ka ce ba za ka yarda ba sai ka gani da idonka, to ya iso gari, har nan unguwarmu Mafoni muna jin kukansa. Sanyin bana kuwa sai da ya sa tsofaffin unguwa alwala da ruwan zafi.

Labarin lemonka nake so in ba ka, lemon zaƙin nan mai aure da ka ɗauko daga gidan gona a bayan kekenka ka dasa a tsakar gida. Bayan rasuwarka ban bar shi da ƙishi ba ko sau ɗaya. Da damina ta sauka sai ga rassa sun tofo daga gindinsa, kore shar, miƙaƙƙu, kafin kaka har sun wuce katanga. Na yi murna, wallahi, na ce albarkarka ce. Ashe ƙayoyi ne da su kamar basilla. 'Ya'yan da suka yi kuma ga fata kauri ga tsami, ko yara ba sa ɗauka. Ranar da ƙaya ta yage wa jikan Yaya Modu kunci, wan naka ya shigo yana faɗa. Ya rantse in sanyi ya wuce bishiyar ba ta gyaru ba, gatari zai sa mata ya kafa turken ragunansa a wurin. Ka san shi in ya rantse. Gidan kuma yanzu a hannunsa yake, me zan ce?

Na shiga ɗaki na yi kuka na ƙoshi. Malam, a gidan nan kaf mene ne ya rage mai rai wanda hannunka ya taɓa kullum, in ba wannan bishiya ba?

Ka tuna yadda kake yi in sanyi ya shigo? Ka ɗauko wuƙarka mai lanƙwasa da ɗan zarton nan ka hau yi wa lemon aski, ina daka kana surutu, wai kana koya mini. Ni kuwa in ƙara wa taɓarya ƙarfi don in danne muryarka. Kai dai ba ka gajiya! To ashe duk ya shiga. Ina tsaye gaban bishiyar sai maganarka ta riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Ka ce a nemi ƙullin da aka haɗa ta tun tana ƙarama. Na durƙusa na lalubo shi, ga shi nan daidai gwiwa. Ka ce duk abin da ya fito a ƙasan ƙullin nan na lemon tsamin da aka ɗora shi a kai ne, ɓarawo ne, abincin na sama yake ci. Na tsinko ganye na murza na shinshina kamar yadda kake yi, na ƙasan ya bugi hancina da tsami. Na gaskiyan yana can tsakiya an rufe shi, ya rame, ganyensa ya yi rawaya.

Na wasa wuƙa a bakin dutsen niƙa, na yi bisimilla. Wa ya taɓa ganin an sare lafiyayye an bar mai ciwo? Matan gida suka fito suna salati, Yagana ta riƙe mini hannu tana roƙona, ta ɗauka baƙin ciki ne ya taɓa mini kai. Ban saurare su ba. Na datse rassan ƙasan nan duka daf da jiki, ban bar kututture ba don kada su sake tofowa. Na cire busassun, na cire masu gogar juna, na buɗe tsakiya yadda rana za ta shiga. Kowane yanka na karkata shi don kada ruwa ya kwanta, na shafe shi da laka da toka. Rassan da suka rage na ɗaura musu duwatsu da igiyar rama su baje gefe. Da na gama, abin tausayi, kamar kazar da aka fige. Hannuwana kuwa har yau da tabon ƙaya.

Daga nan sai jira. Kullum in ba shi ruwa in zagaya shi, shiru. Sanyi ya fara ja da baya, na ga Yaya Modu ya aika an gyara wa gatari ƙota. Har na fara cewa ko na kashe maka shi da hannuna?

Ranar Juma'ar da ta wuce na fito shara, sai ƙamshi ya tare ni. Fure, Malam! Fari fat, a kan rassan nan da kowa ya yanke wa ƙauna. Yaya Modu ya shigo bayan an sauko daga masallaci, ya tsaya a gaban bishiyar ya daɗe. Na ga ya share ido da hannun riga, mutumin da ko ranar jana'izarka bai bari an ga hawayensa ba. Washegari shi da kansa ya ɗauko zana ya kewaye bishiyar, don kada ragunan nasa su kai baki.

Abin da ban taɓa faɗa maka ba ke nan: na gode. Na gode da ba ka yi shiru ba duk da ina nuna ba na ji. Ina jin ka, Malam, tun da can ina jin ka.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya sa ka a inuwar da ta fi wannan. Sai na zo.

Ni ce taka,
Uwar Yagana, daga Mafoni