Buhun da na cusa a bakin injin

Shekara goma sha tara ina neman mutum ɗaya da zai saurare ni har ƙarshe, ban samu ba. To, likita ya ce a mai da ni gida, yanzu dole ku ji. Hankalina garau yake, ƙafafu ne kawai suka ƙi ni. Ban yi boko ba, Auta ce ke rubutawa, kuma ta rantse ba za ta gyara mini magana ba.

Na ɗaya. A raba gida yadda addini ya ce, amma ɗakin bakin ƙofa na matar Dogo ne muddin tana raye. Tun ranar da aka kawo gawar ɗana Dogo ba ta ƙara gaishe ni ba. Ban ga laifinta ba, ce mata aka yi ni na kashe mata miji.

Na biyu. Ga yadda aka yi, ku riƙe shi daga bakina. Ni ne mai gadi da sharar rumfa a filin ƙananan jirage. Tsuntsaye kan shiga bakin injin, inda yake shaƙar iska, su yi sheƙa. Shi ya sa kowace yamma nake toshe shi da jan soso mai doguwar igiya, wanda ko makaho zai yi tuntuɓe da shi. Da safe matuƙi zai zagaya jirginsa, ya taɓa taya, ya tsiyayi mai a kwalba ya ga ko da ruwa, ya cire toshiyar. Wata rana iska ta tafi da soson. Sau uku ina zuwa ofishin Injiniya in gaya masa, sau uku yana korata da hannu, waya a kunne. Sai na naɗe tsohon buhu na cusa. Buhun ruwan ƙasa ne, ba ya ɗaukar ido. Wannan laifin nawa ne, ban taɓa musu ba. Kwana tara ana cire shi lafiya.

Ran na goma Kaftin, matuƙin jirgin, ya makara, fasinja biyu suna ta duba agogo. Kujera ta huɗu ni na roƙa wa Dogo, za shi neman aiki. Ina can ina buɗe wa tankar mai ƙofa, da na juyo farfela tana juyawa. Na ruga ina kaɗa hula. Kaftin ya ɗago mini hannu, ya zaci sallama nake yi. Dogo ma ya ɗago. Jirgin bai wuce bishiyoyin ƙarshen fili ba injin ya yi tari biyu, ya yi shiru. Ba wanda ya fita da rai.

Na uku. Akwai takarda a ƙasan akwatina, kada a ƙone ta. Ranar sadakar uku aka kawo ta, ina zaune a tabarma, aka ce in dangwala yatsa. Sai da Auta ta yi wayo ta karanta mini: wai na toshe injin ba da izini ba, ban gaya wa kowa ba. Amma fa akwai wata takardar, wadda ke cewa an duba jirgi a safiyar nan. Da idona na ga Injiniya ya sa mata hannu ta tagar mota, ko sauka bai yi ba. Ita ba a taɓa karanta wa kowa ba.

Na huɗu. Kai jikana, ɗan Dogo, ka nace sai ka tuƙa jirgi, uwarka ta yi kuka ta gaji. Taurin kai gado ne, ba zan hana ka ba. Tocilata taka ce. Ka leƙa kowane rami da idonka, ka sa hannu ka laluba, ko da ubangidanka ya ce ya duba. Mai kallon agogo ya kalla. Sama ba ta da gefen titin da za ka tsaya.

Na biyar. Kai Babba, ka daina gaba da ƙanwarka don ta ce a tona maganar. Na san a ƙarƙashin Injiniya kake cin abinci, ban ce ka bar aikinka ba. Amma sunan da aka ɓata shi ne a bayan naka. Ku shirya kafin a ɗauke ni, ba na son ku tsaya a kaina kuna hararar juna.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku, Ya raba ku da gaggawa. Ku riƙe matar Dogo, ko ta zage ku.

Saura ɗaya. Injiniya yana nan da ransa, yana wasa da jikoki. Babba da Auta, ku biyu ku kai masa wannan, ku karanta masa a tsaye. Ba na son ta'aziyya, ba na son ya aiko ɗan saƙo. Ya zo ɗakin nan, matar Dogo tana zaune, ya dube ni ya faɗa: na je ofishinsa sau uku ko ban je ba? Ya duba jirgin ko bai duba ba? Likita bai ba ni wata biyu ba. Ya zo ya amsa.