Rigar da Ka Yi wa Littafina

Limbe,
Lahadi, bayan an taso daga coci.

Zuwa ga Fatsani, sanyin idona, ruwan farko a kan busasshiyar gona, inuwar mangwaron da na saba hutawa a ƙarƙashinta, farin gajimaren da ke kwana bisa dutsen Mulanje, wanda ake hange daga nesa rai ya yi fari. Ka ga halin hannuna? Na zauna da niyyar in rubuta sunanka tsurarsa, ba gishiri ba mai, amma alƙalamin ya ƙi, ya bi hanyar da ya saba. To, karɓi sunayenka, naka ne, ba ni da wanda zan ba. Abin da zai biyo bayansu kuwa ba mai daɗi ba ne, sai ka gyara zama.

Ka tuna inda muka fara haɗuwa? Shimfiɗar Baba Jafali ce, mai tsofaffin littattafai a bakin tashar bas, inda kake kawo wanda ka gama ka ɗauki wani. Kai kana tsugune a ɓangaren masu hoton maza da kwat, ni ina ɓangaren masu baƙin bango. Ka leƙo abin da ke hannuna, ka ga farin saurayi da fiƙoƙi a waje, ka ce, “'Yar'uwa, da ranar Allah kike neman abin da zai hana ki barci?” Na ce ai naka ya fi ban tsoro, mutum ya washe haƙora duka yana rantsuwa zai mai da kai attajiri kafin damina. Baba Jafali ya yi dariya har hularsa ta zame, ya ce mu matsa masa daga kan kaya in zance za mu yi. Muka matsa. Ranar na koma gida ban karanta ko shafi ɗaya ba, abin da ban taɓa yi ba tun ina 'yar makaranta.

Tun daga nan na san karatunmu ba ɗaya ba ne, kuma bai taɓa damuna ba. Kai naka na gyaran rayuwa ne: yadda ake tashi da asuba, yadda ake shugabanci, yadda ake kallon mutum cikin ido. Ka ja jan layi a babin farko da na biyu, in ya fara nauyi ka ajiye, ka koma wurin Baba Jafali ka sako wani. Daga baya ma ka daina wahalar da idonka, ka koma saƙala abin ji a kunne, wani mutum yana taƙaita maka littafi guda cikin sauri kamar kare ya biyo shi. Na saurari duk abin da ka kwaso. Na haddace maganarka ta jarumtaka, wadda ka karanta mini a bas har kwandasta ya ce, “Shugaban gobe, a gyara ƙafa mutane su wuce.” Ban yi dariya ba ranar, don na ga ranka ya sosu. Na yarda da kai fiye da yadda ka yarda da mai littafin.

Ni kuma nawa na mashaya jini ne, masu kwana cikin akwatin gawa, masu son mace ɗaya har zamani ya shuɗe. Ina karantawa a layin bas, ina karantawa ina cin tuwon rana, kuma mu da 'yan wurin aikinmu muna da zaure a waya inda muke faɗa kan wanda ya cancanci yarinyar. Ka sha tambayata me nake samu a ciki. Ni da nake yini a ɗakin gwajin asibiti ina ɗibar jinin mutane cikin 'yan kwalabe, ina lallashin ƙato ya kau da kai kada ya suma, jini ba ya ba ni tsoro. Abin da nake nema a ciki shi ne mutumin da duniya duka ta tsana, amma aka sami mai sonsa bayan ta san ko shi wane ne. Kai sai ka ce, “Yau kuma wa ya ciji wa?” Sai in ba ka labari, kana yamutsa fuska, amma kana tambayar yadda aka ƙare.

Sai maganar riga. Wayyo Fatsani, rigar nan! Duk littafin da na ɗauko, sai ka zo da takarda ruwan ƙasa da salatif, ka zauna ka yi masa riga, ka lanƙwashe kusurwa tsaf yadda malaman firamare suka koya mana. Ka ce don kada bangon ya yage a jaka. Na yi ta yi wa ƙawayena burga da kai, ina cewa ina mai saurayin da ke yi wa littafinta sutura? Ina kallon yatsunka a kan takardar, zuciyata tana narkewa kamar man shanu a rana. Ban taɓa tambayar kaina abin da ya sa naka littattafan suke yawo tsirara ba.

Da lokacin gaida mahaifiyarka ya zo, kafin kawunanmu su sa ranar baiko, ka gaya mini halin da ƙauyenku yake ciki. Jita-jitar masu shan jini ta sake tashi, ana cewa baƙi ne daga birni, suna zuwa da allura su zuƙe mutum su tafi da jinin. Samari sun tare hanyoyi, mutane sun daina yarda da baƙuwar fuska. Ka ce kada in ambaci aikina, in ce a ofis nake. Na ga hankali a maganar, na yarda. Littafina yana cikin jaka da rigarsa, saura kaɗan in gama shi, na ce zan ƙarasa a hanyar dawowa.

Me ya fi ranar nan kyau da farkonta? Gonakin shayi shar har gindin dutsen Mulanje, mahaifiyarka ta tarbe ni da hannu biyu, na durƙusa na gaishe ta ta ɗago ni. Na tuƙa tuwo ban bar gudaji ba, na soya ƙananan kifi, na wanke kwanuka a bayan ɗaki. Bayan an ci, muna zaune a baranda da matan maƙwabta, sai Inna Nambewe, yayar mahaifiyarka, ta hango littafin a bakin jakata. Fuskarta ta washe. Ta ce, “Shi ne wannan? Fatsani ya ce mana kullum kina cikin littafin addu'a, ko a mota ba kya ajiyewa. Kawo in taɓa in sami albarka, sai ki karanta mana ko kaɗan ne.” Na juya na dube ka. Kai kana duban ƙasa.

Ban san ka gaya musu haka ba. Da na sani, da na bar shi a Limbe. Ta zaro shi da ladabi, zafin rana ya riga ya saki salatif ɗinka, rigar ta sulale a cinyarta. Ga farin mutum da fiƙoƙi, ga wuyan mace, ga jini yana gangarowa. Kuma tsohon katin aikina, wanda nake sa alamar shafi da shi, ya faɗo a kan tabarma, da hotona da ɗigon jini ja a gefensa. Wata mata ta janye jikarta daga kusa da ni. Wata ta tashi ta fita da sauri, kuma kowa ya san ba gida ta nufa ba.

Inna Nambewe ba ta dube ni ba, kai ta duba. Ta ce, “Ɗana, me ka kawo mana gida? Wane aiki take yi a birni?” Nan ne wurin, ya masoyina. Nan ne babin jarumtakar da ka ja wa jan layi. Magana kaɗan ce ya kamata ka faɗa: ma'aikaciyar asibiti ce, jinin marasa lafiya take gwadawa, littafin tatsuniyar Turawa ce, ni na yi masa riga, ni na yi muku ƙarya. Maganarka ce gaskiya a wurinsu, kai ne ɗansu mai ilimi. Sai na ji muryarka, wadda ke kirana tauraruwa, tana cewa, “Inna, ni aikin ofis ta ce mini. Ban taɓa sanin tana karanta irin wannan ba.” Ka ɗauki littafin da yatsu biyu, ka kai shi murhu, ka tura ƙarƙashin tukunyar ruwan zafi.

Mahaifiyarka ce ta kama hannuna. Ita da ba ta taɓa karanta shafi ɗaya kan shugabanci ba, ta yafa mini zanenta a ka, ta bi da ni ta bayan gida cikin masara har bakin titi, muna jin hayaniyar samari tana taruwa a ƙofarku. Ta tsayar da bas da kanta. Ta ce, “Hau, 'yata. Ni ban san littafi ba, amma na ga yadda kika wanke mini kwanuka.” Na leƙa ta taga ina neman ka a bayanta. Masara kawai na gani.

Na ga saƙonninka, duka. Ka ce don ka cece ni ka yi. Bari in yi maka adalci, don ban iya ƙarya a takarda ba: wutar nan wataƙila ta taimaka, ta ba su abin kallo har muka fice. Na yafe wutar. Takarda ce, Baba Jafali yana da irinta. Tsoron ma na yafe, ni ma na ji shi. Amma “ban taɓa sani ba”? Kai da ka san sunan kowane mashayin jini a ciki? Kai da ka naɗe shi da hannunka? A bas ɗin nan na gane me rigar take rufewa tun farko. Abin kunya ka ɗauke ni, Fatsani, tun ranar shimfiɗar Baba Jafali. Ka so ni yadda ka so littattafaina, a naɗe cikin takarda, da wani suna a baki. Sannan shekaranjiya ka turo mini hoton wani shafi da ka ja wa layi a kan haƙuri. Na kusa jefa wayar cikin kwata.

Kawu Makwinja yana tambayata kullum. Ka san shi ne waliyyina, kuma tuni ya ware kazar da za a miƙa wa danginka ranar baiko, su kuma su miƙo zakara. Ta yi ƙiba, ta fara ƙwai, matarsa tana cewa abinci kawai take ci musu. Kawunanka sun yi shiru, ba aike ba waya. Jiya ya ce mini, “Zione, kazar nan ta baiko ce ko ta miya? Ki gaya mini in san abin da nake kiwo.” Na ce ya ƙara mini lokaci. Ban gaya masa abin da ya faru ba, don in ya ji, ko da zakara goma kuka zo ba zai buɗe muku ƙofa ba. Har yanzu asirinka nake rufewa, ka ga wautar so.

Baba Jafali ya samo mini wani kwafin, bayansa a yage, na ƙarasa. Tunda ka saba tambayar yadda aka ƙare, ga shi. Mutanen garin sun kama yarinyar suna cewa ita ce annobarsu. Mashayin jinin da ke sonta kuma yana ɓoye lafiya lau, ya san in rana ta taɓa shi zai ƙone. Ya fito. Ya tako tsakiyar kasuwa da hantsi, fatarsa tana hayaƙi, ya ce tasa ce, a sake ta. Na san me za ka ce, shirme ne, ba ya ƙara wa mutum komai. Amma shi yana da hujjar gudun rana, ƙona shi take yi. Kai mece ce taka?

Ga littafin nan tare da wasiƙar, tsirara, kuma kada ka kuskura ka yi masa riga. Ka hau bas da shi a cinya, fuskarsa a sama. An ce ƙauyenku ya lafa, to ka je barandar gidanku da rana tsaka, ka tara Inna Nambewe da matan da suka ga faɗuwar katina, ka faɗa musu aikina da sunansa, ka faɗa musu wanda ya naɗe littafin da wanda ya ce na addu'a ne. Ka durƙusa ka gode wa mahaifiyarka, ka ce mata zanenta yana wurina, na wanke na goge. Sannan ka turo kawunanka da zakara. A littattafaina, mashayin jini ba ya shiga gida sai mai gidan ya ce masa shigo. Tunda abin da aka ɗauke ni ke nan a gidanku, zan bi dokar. Ina tsaye a bakin ƙofa, ba zan tsallake ba sai ka kira ni da babbar murya, da sunana da aikina. In kuwa ba za ka iya ba, ka faɗa mini a fili, in je in gaya wa Kawu ya sa wuƙa.

Kada ka ɗauka son ne ya mutu. Da ya mutu ai da na huta! Na binne shi a hanyar Mulanje, na binne shi a ɗakin gwaji, kullum sai ya tono kansa ya dawo ya zauna mini a ƙirji. Ina kewar tafiyarka, ina kewar jan bironka, ina kewar har wa'azin tashi da asuba. Ba zan so wani ba, ya ruwan idona, ko ka zo ko kada ka zo. Kai ka saba ajiye littafi da zarar ya fara nauyi, ka koma shimfiɗa ka sako wani. Ni ban taɓa ajiye ko ɗaya a tsakiya ba, ko da na hango ƙarshensa baƙi ne. Shi ya sa har yanzu nake riƙe da kai, a buɗe, a shafin da ka bar ni.

Taka, yau da gobe da ranar da za a rufe ni,
Zione.