Muryar Mma a Bikin Fim na Yendi

Salaga, 23 ga Nuwamba, 1997

Zuwa ga Yayana Amidu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya a can Kano, kai da Karimatu da yara. Allah ya ƙara maka lafiya, ya buɗa kasuwa, ya tsare ku daga duk abin ƙi. Mu ma nan muna lafiya, alhamdu lillahi. Doya ta yi kyau bana, har lorin Kumasi suna kwana a bakin kasuwa suna jiran lodi. Gwiwar mahaifiyarmu Mma ta yi sauƙi tun da ta fara shafa man da ka aiko, yanzu tana iya sallah a tsaye. Sai dai akwai maganar da nake so ka ji daga gida, kafin wani direba ya kai maka ita a karkace.

Maganar ta Muniru ce, ɗan marigayiya Goggo Zalia, ƙanwar Baba. Ka fi ni sanin yadda Mma ta ɗauke shi tun yana shekara shida, ta raine shi a ɗakinta, wani lokaci har ta fifita shi a kanmu don kada ya ji maraici. Tun da ya koma Bawku ya sayi kyamarar bidiyo yana ɗaukar biki da suna. Da damina ya zo mana da murna, ya ce su matasa masu bidiyo na Yendi da Bawku da Salaga sun haɗa ƙungiya, za su yi bikin nuna fina-finai na kwana uku a Yendi, gajeru da kuma na waɗanda suka yi dogon fim karon farko. Ya ce nasa gajere ne a kan fataken goro na Salaga, kuma ba wanda ya san labarin kakanninmu kamar Mma. Ta ji daɗi ƙwarai. Ta sa na fito da tsofaffin kwandunan goron Baba, ta yi kwana biyu tana ba shi labarin ayari da jakuna da hanyar Kano.

A rana ta uku muna zaune a tsakar gida bayan la'asar, mu uku kawai, sai ya tambaye ta nata dangin, na wajen uwa. Ta ce ya kashe abin nan tukuna. Ya danna wani wuri, ya rufe idon kyamarar da hularsa, ya ce, "Na kashe, Mma." Da kunnena na ji.

Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan rubuta, don ni ma ranar na fara jin sa. Kakar Mma ta wajen uwa, wadda muka sani da suna Alheri, ba 'yar fatake ba ce daga Katsina kamar yadda aka faɗa mana. Mahara ne suka kamo ta daga wani ƙauye a arewa tana ƙaramar yarinya. Aka kawo ta nan Salaga a ƙafa, aka yi mata wanka a rijiyoyin bayan gari, aka shafe ta da man kaɗanya, aka tsayar da ita a kasuwar nan da muke sayar da doya a ciki. Wani bafatake ya saye ta, daga baya ɗansa ya aure ta. Mma ta ce tana yarinya takan kwana a bayanta, tana jin ta tana waƙa da wani yare da ba wanda ya sani a gidan. Ta rera mana kaɗan, ta yi kuka, mu ma muka yi. Sannan ta ce kada maganar ta fita, kuma kai ita ce za ta faɗa maka da bakinta ranar da ka zo gida. Muniru ya riƙe hannunta ya ce ya ji.

Da lokacin biki ya yi, shi da kansa ya aiko a ce lallai Mma ta zo. Ta ɗinka sabon zane, ta gayyaci matan ƙungiyarsu ta kasuwa goma sha ɗaya, har da Hajiya Lariba, muka cika lori muka bi ta Bimbilla. A zauren wata makaranta ake yi, da rana, an toshe tagogi da barguna, janareta yana ta ƙara a waje, an haɗa telebijin manya guda biyu a kan tebur. Gaskiya abin ya yi kyau da farko. Mun ga wani gajere a kan wata mata mai ƙetarewa da atamfa ta iyakar Pusiga, muka yi ta dariya. Mun ga wani dogo da yaren Dagbanci wanda sautinsa ya yi ta yankewa, amma mutanen Yendi suka tafa wa yaronsu kamar za su fasa zauren. Mma tana ta raba wa ƙawayenta goro tana cewa su jira na ɗanta.

Da aka sa nasa, sai ga ta da kwandunan Baba, an rubuta sunanta da na gidanmu da unguwarmu a ƙasa. Mata suka yi guɗa. Bai fi minti biyar yana kan fatake ba sai telebijin ɗin ya yi baƙi. Na ɗauka wuta ce ta ɗauke. Sai na ji muryar Mma a cikin duhun, da kukan kajinmu a bayanta, tana faɗin duk abin da na rubuta maka a sama. Ashe hoto kawai ya rufe, na'urar tana ta ɗaukar magana. Ya ɗora hotunan rijiyoyi da kasuwa a kan muryarta, har waƙar, har kukan. Abin da ya yanke kaɗai shi ne wurin da ta ce kada maganar ta fita.

Ban iya duban fuskarta ba, hannunta kawai na gani yana matse bakin mayafi. Da aka gama, zauren ya miƙe yana tafi, alƙalan biki suka ba fim ɗinsa lambar farko, suka ce a fito da Mma gaba a gan ta. Ba ta tashi ba. Wata tsohuwa da ba mu sani ba ta zo ta durƙusa, ta ce mata a hankali ita ma haka kakarta take. Muka hau lori muka kamo hanyar gida ta Bimbilla. Can Hajiya Lariba ta ce wai dama ta daɗe tana mamakin tsagen fuskar kakar Mma. Kafin kasuwa ta zagayo, duk Salaga ta ji. Wasu sun zo gaishe mu kamar an yi rasuwa, wasu kuma suna yin shiru in na wuce, alhali ni da kai mun san gidaje nawa ne a garin nan da labarinsu ɗaya da namu.

Makon da ya wuce na bar shago na tafi Bawku. Na same shi a shagonsa, lambar tana rataye a bango. Na ce ya ba ni kaset ɗin. Ya ce in zauna in sha ruwa, ya fara yi mini bayani cewa wannan tarihi ne, ba na gida ɗaya ba ne, kuma idan tsofaffi suka tafi da shi shi ke nan. Ya ce ba abin kunya ba ne, nan gaba Mma za ta gode masa. Na ce ban zo gardama a kan tarihi ba, tambaya ɗaya na zo da ita: ya ce mata ya kashe ko bai ce ba? Ya sunkuyar da kai, ya ce ai hoton ya kashe. Yaya, wannan amsar ta fi fim ɗin yi mini zafi, don ta nuna tun a tsakar gidan ya san abin da yake yi. Na tuna masa cewa ta wajen Baba ya haɗu da mu, ba kakarsa ba ce, ba sunansa za a riƙa kira a kasuwa ba. Ya miƙo mini kaset ɗaya, amma ya ce an riga an buga wasu, ƙungiya ta aika Tamale da Accra. Na bar masa shi a kan tebur na fito.

Yau kwana goma sha biyu Mma ba ta leƙa kasuwa ba. Tana ci, tana sallah, ba ta ambaci sunansa ba ko sau ɗaya. Ya aiko da buhun albasa daga Bawku, ta ce a kai masallaci. Jiya na ce mata zan rubuta maka, ko tana da saƙo. Ta ce ba kakarta take jin kunya ba, matar da ta raini 'ya'ya bakwai ba tare da wani nata ko ɗaya a duniya ba. Abin da ke cin ta shi ne baƙi sun tafa wa labarin kafin ɗanta na fari ya ji shi. Ta ce ka yafe mata jinkirin. Sai ta sa na ɗauko alƙalami, ta ce, "Rubuta masa sunanta na gaskiya, wanda uwarta ta raɗa mata. Wannan ba ya cikin kaset ɗin." Sunanta Kapuri. Mu uku ne yanzu muka san shi, kuma ta ce ka faɗa wa 'ya'yanka da kanka.

Idan da hali ka zo kafin azumi, don ba ta faɗa ba amma kullum tana tambayar ranar da motar Kano take isowa. Ka gaishe mini da Karimatu da kyau, da Sahada, da Awudu, da ƙaramar Asiatu mai sunan Mma. Maigidana Iddi yana gaishe ka, haka ma 'yar'uwarmu Zenabu da yaranta. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Atikatu